Kafin ka ɗora wa 'yar Fulani ƙwarya a labarinka, ka san ciwon hantsa

Wannan makon ni aka miƙa wa alƙalami, kuma a kan saniya zan yi magana.

Duk mai bin labaran da muke sakawa a Facebook da WhatsApp ya san 'yar Fulanin nan: fara, doguwa, ƙwarya a ka, ɗan mai kuɗi ya taka birki don sayen fura, shi ke nan soyayya ta fara. Ƙwaryarta kullum a cike take. Har yau ban ci karo da labarin da aka ce ta koma gida da nono don ya ƙi kamawa ba. Alhali mu 'yan Kiru, Bebeji, Tudun Wada da Doguwa rugage ne suka kewaye mu, daga dajin Falgore zuwa bakin dam ɗin Tiga, ga kuma dajin Dansoshiya a nan Kiru, inda gwamnatin Ganduje ta fara gina wa makiyaya matsuguni. Muna zaune a tsakiyar labari, amma muna aro daga finafinan Indiya.

Ɗaya daga cikin abubuwan da ke rage nono a ƙwaryar nan shi ne ciwon hantsa. Hantsar saniya ɗaki huɗu ce, kowane da kan nononsa, kuma ba sa haɗuwa ta ciki. Ƙwayar cuta kan shiga ta ƙofar kan nono ta kama ɗaki guda. Wata daga saniya zuwa saniya take tafiya, a hannun mai tatsa ko a tsumman da ake goge shanu biyar da shi. Wata kuma daga ƙasa take, a taɓo da kashin shanu, shi ya sa damina ta fi muni a garken da ba a sauya wa makwanci. Kaska, kirci da sukar ƙaya su ma suna buɗe mata hanya.

Idan ciwon ya fito fili, hantsa kan kumbura ta yi zafi ta yi tauri, saniyar da ba ta taɓa harbi ba ta fara harbi, madara ta fito da gudaje ko ta tsinke kamar ruwa, wani lokaci har da jini. Wanda ya fi ban tsoro shi ne ɓoyayyen. Saniya tana kiwo lafiya, madara fara tas, amma tana raguwa a hankali, mai ita yana ɗora laifin a kan ƙarancin ciyawa. Akwai gwaji mai sauƙi da aka ƙirƙiro a Kalifoniya ta Amurka a 1957: a tatsi kowane kan nono a gurbinsa a kan wani ɗan faranti mai gurbi huɗu, a zuba ruwan gwajin, wanda ya yi yauƙi shi ne mai ciwo.

Rigakafin ba tsada gare shi ba. A wanke hannu da sabulu, a goge kan nono ya bushe, a tsirta madarar farko a kan wani abu baƙi don a ga gudaje, a bar mai ciwo ta zama ta ƙarshe a tatsa. Bayan tatsa ƙofar kan nono ba ta rufewa nan take, tana ɗaukar kamar rabin awa ko fiye, don haka a tsoma shi a ruwan aidin na dabbobi, a kuma bar saniya a tsaye ko a kora ta kiwo, kada ta kwanta a taɓo.

Magani ne inda muke ɓarna. Ranar kasuwa a sayi kwalbar allura a hannun mai tebur, a yi sau ɗaya, kumburi ya sauka, a ce ta warke. Sau da yawa ƙwayar tana nan, ta koma ɓoye, kuma ta fara sabawa da maganin. Likitan dabbobi ne zai faɗi maganin da ya dace, ko na matsawa ta kan nono ko allura, da kwana nawa za a yi, da kwana nawa za a zubar da madarar. Wannan na ƙarshen ba wasa ba ne: madarar da ke da ragowar magani tana iya ƙin zama kindirmo, domin maganin yana kashe ƙwayoyin da ke sa ta kama. Ga shi shirin KSADP, da tallafin Bankin Raya Ƙasashen Musulunci, ya kawo cibiyoyin tattara madara a jihar nan, kuma kamfanin yogot ba ya son madarar da ba za ta kama ba.

To ku duba abin da muke bari a ƙasa. A rugage da yawa maza ke tatsa, amma nonon na mata ne, da shi ake cefane, da shi ake haɗa kayan ɗakin 'ya. Idan ɗaki guda na hantsa ya mutu, ba ya dawowa: nono ya ragu, maraƙi ya rame, kuɗin saniyar ya faɗi a kara. Miji yana so a bar wa maraƙi abin da ya rage, mata tana da bashin gero a kanta. Likita ya ce a zubar da madarar kwanaki, ita kuma ta ga fara ce tas, ga kasuwa gobe. Za ta zubar ko za ta sayar? Wannan rigimar ta fi ta kishiya da boka da muka tauna har ta salance.

Roƙona ɗaya: wanda zai rubuta, kada ya sa jaruminsa ya soka allura yau, gobe ƙwarya ta cika. Mutane suna ɗaukar abin da suka karanta ko suka ji a rediyo. Ka nemi izinin ardo, ka je ruga bayan sallar asuba lokacin da ake kwance maruƙa daga dangwali, ka zauna ka kalli tatsa, sannan ka tambayi mai garken shanu nawa ne ake tatsa ta kan nono uku kawai.