Gidajen gilashin Kew sun cancanci a raya su, amma da sharaɗi

Duk wanda ya shiga Palm House, gidan gilashin nan na lambun Kew da ke yammacin Landan, zafi da laima ne za su fara tarbarsa ko da a waje sanyi na ratsa ƙashi. An kammala ginin a 1848 bisa tsarin Decimus Burton da gwanin aikin ƙarfe Richard Turner, kuma a ciki akwai wata shuka mai kama da dabino da Francis Masson ya ɗauko daga kudancin Afirka, ta iso Kew a 1775, har yau tana raye cikin tukunya. A ganina irin waɗannan gidaje sun cancanci dukiyar da ake kashe musu, muddin za su riƙa faɗa wa baƙo gaskiyar yadda kowace shuka ta zo hannunsu.

Masu suka na cewa wurin rumbun ganimar mulkin mallaka ne kawai, kuma ba su rasa hujja ba. A 1876 Henry Wickham ya fitar da ƙwayoyin irin roba kusan 70,000 daga Brazil, aka tsirar da su a Kew, aka aika da dashen zuwa Sri Lanka da Malaya. Bayan 'yan shekaru gommai, gonakin Asiya suka durƙusar da kasuwar robar Amazon. Sai dai shuka ba kamar gumakan tagullar Benin ba ce, waɗanda in an ɗauke shi ke nan an bar gurbi. Ɗaukar iri ba ta raba daji da bishiyarsa. Abin da aka ƙwace shi ne riba da ilimi, kuma rufe ginin ba zai dawo da ko ɗaya ba. Wani lokacin ma gilashin ne ya yi ceto. Wata shuka mai suna Encephalartos woodii, wadda aka gano a dajin Ngoye na ƙasar Zulu a 1895, ta ƙare a daji, sai a lambuna irin Kew take rayuwa. Haka kuma a Kew ne Carlos Magdalena ya gano dabarar tsirar da wani ɗan ƙaramin bado na Ruwanda a 2009, lokacin da ake zaton ya ɓace daga mazauninsa.

Batun tsada ma gaskiya ne, domin gyaran Temperate House, wani gidan gilashin Kew da aka sake buɗewa a 2018, ya ci fam miliyan 41. Amma wanda bai taɓa ganin bishiyar koko ko kofi a tsaye ba, da wuya ya damu in an ce ana sare dazuzzukansu.

Sharaɗin ya shafe mu kai tsaye. Likita J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewacin Najeriya, ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, daga baya ya yi aiki da John Hutchinson na Kew wajen rubuta littafin tsirran Afirka ta Yamma. Daga bakin manoma, makiyaya da masu maganin gargajiya aka ji waɗannan sunaye da amfaninsu. Ya kamata allunan bayanin lambun su ambaci wannan, kuma ɗalibin kimiyyar tsirrai a Zariya ko Yamai ya samu hotunan samfuran tsirran da ke Kew da bayanansu ta intanet kyauta, ba sai ya nemi bizar Ingila ba.