Murabus Sanarwa Ce, Ba Roƙo Ba

Jama'a, mu daina bari ana raina mana hankali. Da zaɓe ya ƙarato, sai ka ji ma'aikaci mai son takara yana kuka wai oga ya ƙi amincewa da takardar ajiye aikinsa. To ni tambayata: wa ya ce sai ya amince?

Tun 1960, a shari'ar Benson da Onitiri, kotun ƙoli ta yanke cewa murabus na kama aiki da zarar takarda ta isa hannun hukuma, kuma ba ta da ikon ƙin karɓa. Sashe na 34 na tsarin mulkin 1999 ya haramta aikin tilas.

Ogan da ke jan ƙafa ya san abin da yake yi. Sashe na 66 da na 107 sun ce ma'aikacin gwamnati mai neman kujerar majalisa ya bar aiki aƙalla kwana 30 kafin zaɓe. So yake lokaci ya ƙure maka.

Don haka ka sa kwanan wata, ka kai takardar rajista, a buga maka hatimi a kwafinka. In sun ƙi, aika ta kamfanin kai saƙo, ka adana rasit. Ka cika wa'adin da ke takardar ɗaukarka aiki, ko ka biya albashin madadinsa. Ka miƙa kayan ofis a rubuce. In suka riƙe haƙƙoƙinka, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa na nan.

Wallahi aiki ba bauta ba ne. Kada tsoron oga ya cinye maka takara.