Takobin Dosso na 2024: Isaka Isaka da neman na bakwai

A kasuwar Filinge da fadodin matasan Kurfai gardamar ɗaya ce: tsakanin Kantu da Isaka Isaka wa ya fi? Dattawa na tare da Yakuba Kantu na Maraɗi, wanda ya ci takobin farko a Tawa cikin 1975. Matasa ƙidaya suke kawowa. Kadri Abdu, wato Isaka Isaka na Dosso, ya ɗaga takobinsa na 6 a Agadas ƙarshen 2023, abin da ba wanda ya taɓa yi.

Matasan sun fi hujja. A zamanin Kantu ba a nazarin kamun ɗan kokowa a waya. A gasar 2023 duk wanda zai shiga fili da Isaka ya kalli bidiyonsa har ya gaji, amma kayen ya faskara.

A ƙarshen 2024 a Dosso aka yi gasar, gidansa, kuma nauyin gida ba wasa ba ne. Cikin 'yan kokowa 80 na jihohi 8, faɗuwa ɗaya ta isa ta raba mutum da takobi. A lokacin alamu sun nuna Isaka zai kai karon ƙarshe. Sai dai matashi mai dogon numfashi, wanda zai ja wasan ya ƙi ba shi kamu, na iya hana shi na bakwai.