Kafin Ka Kai Karen Makiyaya Gida

'Yan'uwana ɗalibai, ba wuya a garuruwanmu ka ga mutum ya sayi kwikwiyo don burgewa, in ya girma cin sa ya yi yawa sai ya sake shi a titi. Daga nan sai wani mai tausayi ya tsince shi ya kai gida. Ceton dabba abin yabo ne, amma ni a ganina tausayi kaɗai bai isa ba, musamman idan karen ruwa biyu ne, wato yana da jinin karnukan makiyaya.

Na ce "karen makiyaya" ban ce "karen kiwo" ba da gangan, domin na biyun yana iya nufin karen da ake kiwatawa a gida. Wanda nake nufi shi ne karen da aka halitta masa son tattara dabbobi. Wanda muka fi sani a Nijeriya shi ne Alsatian, ɗan asalin Jamus. A shekarar 1899 wani tsohon soja mai suna Max von Stephanitz ya kafa ƙungiyar masu kiwon irinsa, kuma aikinsa na farko shi ne tsare tumaki. Akwai kuma Border Collie na kan iyakar Ingila da Scotland.

To, ga inda matsalar take. Ko an gauraya jininsa da na karen unguwa, halin kakanni ba ya ɓacewa da sauƙi. Karen da aka yi domin ya wuni yana zagaye garke, idan bai samu tumaki ba zai nemi madadinsu. Sai ka ga yana kora kajin maƙwabta zuwa lungu, yana bin babur a guje, ko yana kai wa yara cafka a dunduniya idan suna wasa. Mutane su ce mugu ne. Ba mugunta ba ce, aikinsa yake yi a wurin da ba a buƙata. Mafi muni sai a ɗaure shi da sarƙa a ƙofar gida dare da rana, ya yi ta haushi yana tona ƙasa, har ya zama mai cizo da gaske. Irin wannan kare yana son yawo safe da yamma, da wasan jefa masa ƙwallo, da koya masa zauna, taho, tsaya. Haka kuma wanda aka taɓa duka ko aka yar, yakan ɗauki makonni kafin ya saki jiki, don haka kada a cika shi da baƙi a kwanakin farko.

Batun lafiya kuwa ba na wasa ba ne. Karen da aka tsinta ba a san tarihinsa ba, saboda haka likitan dabbobi ne zango na farko. Ciwon haukan kare, da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, kusan kullum mutuwa ce. Ana yin allurar riga-kafinsa, kuma Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu haɗa ta. Sai maganin kaska da na tsutsar ciki. Gashinsa mai kauri ne, dole a ba shi inuwa da ruwa a kowane lokaci. Albasa da cakulan guba ne a gare shi, dafaffen ƙashin kaza kuma yana iya tsaga masa hanji.

Sai maƙwabta. Da yawa daga cikin Musulmi sun yarda da ajiye kare don gadi ko kiwo ko farauta, amma ba sa son ya shiga ɗaki ko ya lashi kwano. A gidan haya da ake amfani da tsakar gida ɗaya, ya kamata a nemi yardar mai gida da sauran mazauna tun kafin karen ya iso.

Kare yana iya kai shekara 10 ko fiye, karatunmu kuwa shekara 4 ne. Wa zai ciyar da shi lokacin hutu, ko idan an tura ka bautar ƙasa? In ba ka da amsa, kai shi a yi masa allura, sannan ka nema masa iyali masu katanga da fili, ko wani manomi mai awaki.