Raddi ga Masu Cewa Kwikwiyo Ba Ya Ladabtuwa Sai da Bulala da Sarƙa

A garuruwan da ke bakin kogin Kwara a yammacin Jihar Kebbi, tun daga Dole Kaina, inda iyakokin Najeriya da Nijar da Jamhuriyar Benin suka kusa haɗuwa, har zuwa Lolo da Illo da sauran ƙasar Bagudo, kare tsohon abokin aikin mutane ne, domin mafarauta na shiga daji da shi, makiyaya na tsaron garke da shi, manoma kuma na barin sa a bakin gona. Baƙon abu shi ne karnukan ƙasashen waje da ake sayowa tun suna ƙanana daga manyan birane irin su Legas da Kwatano, daga cikinsu har da irin da ake kira Labrador. Da zarar irin wannan kwikwiyo ya kwana biyu a gida ya fara tauna takalman da aka cire a bakin ƙofa, yana yagar gefen tabarma, yana bin kaji da gudu, sai a ji masu ba da shawara sun taso da ra'ayi guda, wato wannan raini ne da mugun hali, maganinsa kuwa duka da ɗauri da yunwa. Ra'ayin ya yaɗu ƙwarai, masu shi kuma suna da hujjojin da suke kafawa, don haka ya cancanci a bi su ɗaya bayan ɗaya.

Hujjarsu ta farko ita ce, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, saboda haka kwikwiyon da ke kai baki ga hannun mutum ko ya tauna kaya, idan ba a doke shi yanzu ba, zai girma da cizo. Rabin maganar gaskiya ne, domin tarbiyyar kare da wuri ake fara ta, sai dai an yi kuskure wajen gane abin da ake gani. Kwikwiyo yana da haƙoran nono 28, waɗanda ke fara zubewa yana da kimanin wata uku zuwa huɗu, haƙoran girma 42 su maye gurbinsu kafin ya kai wata bakwai, kuma a tsawon wannan lokaci dasashinsa na ƙaiƙayi, taunawa ce ke rage masa damuwar. Ga Labrador abin ya fi yawa saboda asalinsa. Kakanninsa karnukan masunta ne a tsibirin Newfoundland da ke gabashin Kanada, inda aikinsu shi ne faɗawa ruwan sanyi su jawo igiya da taru su ɗauko kifin da ya kuɓuce, daga baya manyan mutanen Ingila suka kai su ƙasarsu a ƙarni na 19 suka mayar da su masu ɗauko tsuntsun da maharbi ya harbo, har ƙungiyar masu kiwon karnuka ta ƙasar ta amince da su a matsayin iri mai zaman kansa a 1903. Dabbar da aka shafe zuriya bayan zuriya ana zaɓar ta saboda son ɗaukar abu a baki, idan ta ɗauki buta ko silifa, aikin gadonta take yi. Abin da ya dace shi ne a kawar da takalma daga inda bakinsa zai kai, a ba shi tsohuwar igiya mai kauri ko tsumman da aka murɗa aka jiƙa da ruwan sanyi, kuma duk sa'ad da haƙorinsa ya taɓa fatar mutum a tsayar da wasan nan take, a juya masa baya na ɗan lokaci. Kwikwiyo ya fi jin zafin yankewar wasa fiye da yadda mutane ke zato, kuma da irin wannan hanya 'yan'uwansa suke koya masa sassauta baki tun suna tare da uwarsu, abin da ya sa raba shi da ita kafin mako takwas ke jawo matsala.

Hujja ta biyu ita ce ta fi sauran kama da ilimi. Suna cewa kare jikan kyarkeci ne, kyarketai kuma da ƙarfi suke tsayar da shugaba, don haka wajibi ne maigida ya danne kwikwiyo ya nuna masa wane ne babba. Wannan tunani yana da tarihi sananne. Ya samo tushe daga binciken Rudolph Schenkel, wanda a 1947 ya wallafa abin da ya gani na faɗace-faɗacen kyarketan da aka tsare a gidan namun daji na birnin Basel a ƙasar Suwizalan, sannan masanin nan ɗan Amurka David Mech ya ƙara yaɗa shi a littafinsa na 1970. To amma Mech ɗin da kansa, bayan ya yi shekaru yana kallon kyarketai a dajinsu, ya bayyana a 1999 cewa garken kyarketai iyali ne na uwa da uba da 'ya'yansu, kuma faɗan da aka gani a keji ya faru ne saboda an tara baƙin juna an kulle su wuri guda. Wanda ya fi kowa tallata hujjar ya janye ta, bai kamata a ci gaba da dukan dabba da sunanta ba. Haka kuma akwai shaida a kan abin da dukan ke haifarwa: a wani bincike da Meghan Herron da abokan aikinta suka wallafa a 2009 daga asibitin dabbobi na Jami'ar Pensilbaniya, kashi 43 cikin 100 na karnukan da masu su suka doka ko suka shura don gyaran hali sun mayar da martani da gurnani ko yunƙurin cizo. Kare da ya koyi cewa hannun da ke miƙowa zafi yake kawowa, ranar da ƙaramin yaro ya miƙo nasa hannun don shafa shi, ba zai bambanta ba.

A nan ne ya kamata a bayyana hanyar da ta maye gurbin duka, wadda masana ke kira horo da lada, ma'ana a saka wa dabba da abin da take so a daidai lokacin da ta yi abin da ake so, domin ta riƙa maimaita shi. Kare yana danganta sakamako da abin da ya aikata cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu da suka wuce kawai. Misali, kwikwiyon da ke yi wa mai dawowa daga kasuwa tsalle yana ɓata masa riga, idan aka ture shi ana tsawa, a wurinsa wasa aka yi da shi. Idan kuwa mutumin ya tsaya cik ya ɗauke kai, sai da ƙafafun nan huɗu suka sauka ƙasa sannan ya sunkuya ya ba shi ɗan guntun bandar kifi da aka cire wa ƙaya, kuma kowa a gidan ya riƙe wannan ƙa'ida, cikin 'yan makonni zai fara zama da kansa idan ya ga mutum. Labrador ya fi yawancin karnuka saurin karɓar wannan horo saboda tsananin son abinci, wanda shi ma yana da dalili a halittarsa, domin Eleanor Raffan ta Jami'ar Kambirij ta nuna a 2016 cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na wannan iri suna ɗauke da wani sauyi a ƙwayar gado da ke rage musu jin ƙoshi. Wannan kaɗai ya isa amsa ga masu cewa satar abincinsa rashin kunya ce. Tukunya ake rufewa, kuma a nisantar da shi daga albasa, wadda take da yawa a gidajen Kebbi, domin tana lalata jinin kare.

Hujja ta uku, game da fitsari da kashi a tsakar gida, ba ta buƙatar dogon bayani. Masu ita suna cewa a cusa hancinsa a ciki a mare shi. Kwikwiyo ɗan wata biyu ko uku ba ya iya riƙe fitsari fiye da 'yan sa'o'i kaɗan, abin da hukuncin ke koya masa kuwa shi ne ya riƙa ɓoyewa bayan randa. A fitar da shi wuri guda da aka keɓe da zarar ya tashi daga barci, ko ya gama ci, ko ya gama wasa, a yaba masa a can.

Hujja ta huɗu ita ce mafi haɗari. Suna cewa kare ba ya tsaro sai ya yi zafi, ba ya zafi kuma sai an ɗaure shi da sarƙa a lungu, an hana shi ganin mutane, an rage masa abinci. John Paul Scott da John Fuller, bayan dogon nazari a kan ɗaruruwan 'yan kwikwiyo a jihar Maine ta Amurka wanda suka tattara a littafinsu na 1965, sun nuna cewa akwai wani taƙaitaccen lokaci, daga mako uku zuwa kimanin mako goma sha biyu, wanda a cikinsa kwikwiyo ke sabawa da duniya, kuma abin da bai saba da shi ba a lokacin yakan girma yana tsoronsa. Kwikwiyon da ke Dole Kaina yana buƙatar ya ga yara da awaki da jaki da babur da kwalekwale a wannan lokaci, cikin natsuwa da kulawar mai shi, yana nesa da karnukan da ba a san lafiyarsu ba. Wanda aka kulle matsoraci yake fitowa, kuma abin da ake kira zafinsa firgita ce, wadda ba ta bambance ɓarawo da almajirin da ya zo sallama. Ban da haka, Labrador yana da gashi hawa biyu da aka halitta don ruwan sanyi, ɗaure shi a rana lokacin bazara, sa'ad da zafin wannan yanki kan haura digiri 40, yana iya kashe shi cikin yini guda. Inda masu wannan hujja suke da gaskiya shi ne cewa Labrador ba karen gadi ba ne. Zai yi haushi idan baƙo ya zo, amma son mutane ya yi masa yawa, shi ya sa a duniya ake sa shi jagorancin makafi da sansano miyagun ƙwayoyi a filayen jirgin sama. Mai neman tsaron garke ko gona zai fi samun biyan buƙata a wurin karen gida, wanda ya saba da zafi da kaska, kuma babu adadin bulalar da zai mayar da Labrador ya zama karen gida. Ƙarfin da ke sa Labrador ɓarna idan ya zauna wuri guda yana ƙarewa ne da tafiyar safe da ta yamma da wasan jefa abu ya ɗauko.

Hujja ta biyar ta addini ce, kuma ta cancanci girmamawa. Suna cewa kare najasa ne, ɓata lokaci a kan koyar da shi wasa ne da bai dace da Musulmi ba. Gaskiya ne cewa hadisai ingantattu sun yi gargaɗin raguwar lada ga mai ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko noma ba, kuma Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya kawo wannan iyaka a Risalarsa da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, malamai da yawa kuma suka shigar da tsaron gida a ciki idan akwai buƙata. Mai sayen kare don ado kawai ya kamata ya tsaya ya tambayi malaminsa. To amma a mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta mutanen wannan ƙasa, kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya lasa sau bakwai kuma ta'abbudi ne, wato umarnin da ake bi don biyayya, ko da yake Shafi'iyya da Hambaliyya sun tafi a kan najasarsa. Koyar da kare kuwa Alƙur'ani ya ambace shi a aya ta 4 ta Suratul Ma'ida, inda aka halatta abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo, kuma masana fiƙihu sun siffanta horarren kare da cewa shi ne wanda idan aka aike shi ya tafi, idan aka tsawatar masa ya tsaya. Ma'aunin da suka sa biyayya ce da kamun kai, ba su ambaci zafi ba. Game da sarƙa da yunwa, Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle ta hana ta abinci, da na mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Wanda ya riga ya kawo dabbar gidansa, haƙƙinta ya hau kansa.

Akwai kuma abin da masu bulala ba sa kawowa cikin lissafi ko kaɗan, wato cuta. Kwikwiyon da tsutsar ciki ta cika ko kaska ta addabe shi yakan yi kuka da rashin natsuwa, wanda kuma ya kwanta da amai da gudawa mai jini likitan dabbobi yake buƙata da gaggawa, domin alamar wata cutar hanji ce mai saurin kisa, wadda ake fara rigakafinta tun yana mako shida zuwa takwas. Mafi girma ita ce cutar haukan kare, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum kimanin 59,000 a kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin 100 kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. A yankin da karnuka ke bin makiyaya da mafarauta suna kai-komo tsakanin ƙasar Bagudo da garuruwan Malanbil da Gaya na tsallaken iyaka ba tare da wani ya duba su ba, bambance cizon wasa da cizon cuta lamari ne na rai. Mai cizon wasa jikinsa a sake yake, yana kaɗa wutsiya, yana cin abincinsa. Wanda halinsa ya juye farat ɗaya, yana dalalar da yawu, muryarsa ta sauya, yana kai cizo ga duk abin da ya gifta, kusantarsa da sanda shi ne mafi munin abin da za a yi. Allurar rigakafin wannan cuta ana yi wa kwikwiyo ita ne daga wata uku, ana kuma sabunta ta, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana cikin masu samar da ita a Najeriya. Idan kare ya ciji mutum, ko da ƙaramin rauni ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, a tafi asibiti a ranar don karɓar allura ba tare da jiran alama ba, shi kuma karen a killace shi da ruwa da abinci har kwana 10, ma'aikacin lafiyar dabbobi yana duba shi.