Kwandon Kyauta Na Abuja Da Aikin Hannun Da Aka Baro A Gida

Duk ƙarshen shekara, haka ma gab da Sallah ƙarama da babba, akwai wani kaya da kan cika barandar ofisoshin gwamnati a Abuja. Kwanduna ne naɗe da leda mai ƙyalli, direbobi da masinjoji na hawa bene da su daga wannan ofis zuwa wancan. Wanda ya kwance ɗaya zai tarar da biskit na Turai, da shayi a gwangwani, da kwalbar ruwan 'ya'yan itace, da tawul, sau da yawa har kwandon kansa na roba ne da aka ƙera a ƙasar Sin. Hannun ɗan Najeriya bai taɓa yawancin kayan nan ba sai ranar da aka sauke su a tashar jiragen ruwa ta Apapa.

Ba minista ko babban sakatare ne kan zauna ya zaɓi abin da za a zuba a ciki ba. Aikin mataimaki ne, ko sakatariya, ko jami'in da ke kula da tarbar baƙi. Shi ne ke rubuta jerin kaya, shi ne ke kiran mai kawowa. Saboda haka, in har ana son wannan al'ada ta sauya, a kan teburin waɗannan ma'aikata za ta sauya. Ya dace kyautar da ke fita daga ofisoshin tarayya, da wadda ma'aikaci ke kai wa iyalinsa, ta koma ga abin da aka yi da hannu a cikin ƙasar nan, har da wanda aka yi a cikin gidansa.

Shaidar farko tana cikin aljihun kowa. A bayan takardar naira ashirin akwai hoton Ladi Kwali tana gina tukunya. Wannan baiwar Allah ta koyi ginin tukwane ne a gida, irin na matan Gwari, tun tana yarinya a garin Kwali da ke cikin Babban Birnin Tarayya a yau. A shekarar 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu. Tukwanenta sun kai Ingila da Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Sana'ar da ta kai ta can kayan amfanin gida ce, tulu da randa da tukunyar girki. A shekarar 2000 shugaban Amurka Bill Clinton ya je ƙauyen Ushafa, inda mata ke wannan gini har gobe. Abin da aka ga ya isa a nuna wa shugaban wata ƙasa, bai kamata a ce ya yi ƙanƙanta a miƙa wa darakta ba.

Gidan Bahaushe na da can masana'anta ce ƙarama. Mace na saƙa faifai da hannunta, tana kaɗa zare, tana haɗa sabulun salo daga toka da mai. Man kaɗanya kuwa sai an dafa ƙwarar kaɗe, an shanya, an soya, an niƙa, an kirɓa da ruwa har mai ya taso, sannan a tafasa a tace. Idan biki ya zo, garar amarya ba a kanti ake sayo ta ba: alkaki da nakiya da dubulan a tsakar gida ake yin su, dangi da maƙwabta na taya aiki. Matan Borno sun shahara da haɗa turaren wuta da humra, kowane gida da irin sirrinsa. Namiji kan zauna a zaure ya ɗinka hula, wadda kan ci makonni kafin a gama. Wanda aka ba irin wannan kyauta ya san an kashe masa lokaci, lokaci kuwa shi ne abin da mutum ba ya iya mayarwa.

Wani zai ce wannan begen zamanin da ya wuce ne kawai. Lissafin albashi bai ce haka ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan da ya biyo, dala ta tashi daga kusan naira 460 a farashin gwamnati zuwa sama da naira 1,500 a cikin 2024. Duk abin da ake shigowa da shi ya bi ta. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ma'aikacin da ke kan ƙaramin mataki, mai biyan haya a Mararaba ko Kubwa, mai biyan kuɗin mota safe da yamma, ba shi da rarar da zai zubar a kan man shafawa na kwalba alhali man kaɗanya na nan kusa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Batun kaɗanyar ma ya isa darasi. A watan Agustan 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da dakatar da fitar da ɗanyar ƙwarar kaɗe na tsawon wata shida, bisa hujjar cewa Najeriya na cikin manyan masu samar da ita a duniya amma rabonta a cinikin bai taka kara ya karya ba. Matan karkara a jihohin Neja da Kwara da Kebbi ke tsinto ta, a saye a hannunsu da arha, a sarrafa a waje, a dawo da ita cikin kwalba mai tambari. Matar ma'aikaci ta saya a babban kanti da ninkin kuɗi. Dokar hana fitarwa ba za ta yi wani tasiri mai ɗorewa ba muddin masu albashi a cikin gida suna jin kunyar sayen abin a siffarsa ta asali.

Akwai kuma fuskar da ta shafi mutuncin aiki. Ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata da ke Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 sun hana jami'in gwamnati nema ko karɓar kyauta saboda wani abu da ya yi ko ya ƙi yi a bakin aikinsa. Abin da suka halatta shi ne kyautar dangi da abokai, gwargwadon yadda al'ada ta sani. Kwandon da kuɗinsa ya ninka albashin masinjan da ya ɗauko shi, in ya fito daga ɗan kwangila, kowa ya san ba gaisuwa ce kawai ba. Kwalbar zuma ko ƙullin dambun nama daga abokin aiki ba ya ɗaure wa kowa hannu. Komawa ga ƙaramar kyauta ta aikin hannu tana mayar da kyauta matsayinta na zumunci.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Ta farko ita ce lokaci. Matar da ta bar Nyanya da asuba, ta dawo bayan isha'i saboda cunkoso, ba za a ɗora mata kirɓa kaɗanya ba. Wannan gaskiya ne, kuma ba a ce kowa ya yi komai ba. Gida ɗaya ya riƙe abu ɗaya, ko turare, ko cincin, ko saƙa, sauran a saya a hannun masu yi. Aikin ma ba na mata kaɗai ba ne, ɗinkin hula da dukanci da sassaƙa tun asali na maza ne.

Hujja ta biyu ita ce inganci da lafiya. Sabulun ruwa da mata da yawa suka koya a 'yan shekarun nan ana haɗa shi ne da sinadarai masu ƙuna, musamman soda. Idan aka narka ta aka zuba a gorar ruwan sha, yaro na iya ɗauka ya kurɓa, ta ƙone masa maƙogwaro, raunin da kan bi mutum har girma. Dole a sa safar hannu, a rubuta suna a jikin mazubi, a ajiye nesa da yara. Wanda kuma zai kai sabulu ko man shafawa ko abinci na ƙunshi kasuwa, rajistar hukumar NAFDAC ta hau kansa. Kasancewar abu na gida ne ba ta wanke shi daga bin ƙa'ida.

Ta uku ita ce mafi nauyi, ko da yake ba a cika faɗarta a fili ba: tsoron raini. Mataimaki na fargabar maigidansa ya ga faifai da tulu ya ce an rage masa daraja. Amsa ita ce a zaɓi mai kyau, domin akwai shi. Garin Bida ya shiga jerin biranen UNESCO na fasahar aikin hannu a 2021, saboda ƙirar tagulla da duwatsun ado na gilashi. Marinar Ƙofar Mata a Kano na rini da baba har yau. Akwai fatar Sakkwato da ta Naraguta, da adire na Abeokuta, da saƙar Akwete da ta Iseyin. Baƙon da ya zo daga Faransa yana da biskit a garinsu, abin da ba shi da shi shi ne tiren tagulla na Bida.

Ga mai neman madogara a takarda, akwai ta. Umarnin shugaban ƙasa mai lamba 003 na 2017 ya wajabta wa ma'aikatu da hukumomi fifita kayan cikin gida a sayayyarsu, Majalisar Zartarwa ta Tarayya kuma ta amince da manufar fifita kayan Najeriya a watan Mayun 2025. Sai dai a kula: ƙa'idojin ɗa'ar nan sun hana ma'aikaci na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci, in ban da noma. Mataimakin da ya karkata sayayyar ofis zuwa ɗakin girkin gidansa ya musanya wata ɓarna ne da wata.

Abin yi a bayyane yake. Aikin hannu ba ya son gaggawa, don haka odar Disamba a bayar da ita tun Satumba, tare da kafin alƙalami, domin maginiyar Ushafa ba ta da jarin da za ta jira biyan gwamnati wata shida. Ƙungiyoyin adashi na ma'aikata, da suka saba sayo shinkafa da mai a dunƙule, suna iya ƙara man kaɗanya da zuma da sabulu kai tsaye daga ƙungiyoyin mata. A gida kuwa, dogon hutun makaranta dama ce. Yaran da aka haifa a Gwarimpa ko Lugbe, in aka kai su wurin kaka, a bar su su zauna kusa da ita lokacin da take murza alkaki ko haɗa turare, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yawancin waɗannan sana'o'i ba a rubuce suke ba, a hannun tsofaffi suke, kuma duk tsohuwar da ta rasu ba ta koya wa kowa ba, da nata ta tafi. Jerin kayan kyauta na gaba da za a rubuta a Sakatariyar Tarayya yana iya zama dalilin da zai sa wata jika ta ga amfanin zama ta koya.