Wai Ƙarfafa Gwiwar Ma'aikata: Da Satifiket Ake Auno Gero?

Akwai wata sabuwar sana'a da ta yi kasuwa a manyan garuruwanmu, wato sana'ar koya wa manajoji yadda za su ƙarfafa gwiwar ma'aikatansu. A kama zaure a wani otal a Kano ko Kaduna ko Abuja, a ɗauko wani ɗan kwalisa mai kwat ya yini yana zuba Turanci, a sha shayi, a yagi kaji, a raba satifiket, a ɗauki hoto. Ranar Litinin manaja ya koma ofis ya tara ma'aikata ya ce musu wai daga yau dukkanmu dangi ɗaya ne. A buga riguna masu tambarin kamfani, a liƙa hoton wani bawan Allah a bango a ce shi ne gwarzon ma'aikaci na wannan wata. Shi kuwa gwarzon wata biyu rabonsa da albashi, mai gidan haya ya ba shi notis, an koro 'ya'yansa daga makaranta, mai shagon unguwa ya rufe masa littafin bashi. To don Allah mai karatu, da wannan hoton za a je kasuwa a auno gero?

Abin da muke faɗa a fili yake. Gwiwar ma'aikaci ba ta sage don rashin jawabi ba, ta sage ne don an danne masa hakkinsa, kuma an raina shi. Manajan da ya tsallake waɗannan biyun ya tafi neman dabarun ƙarfafa gwiwa, ya bar jaki ne yana dukan taiki.

Mu fara da lissafi, tunda manajoji masoya lissafi ne. A shekarar 2019 aka mai da mafi ƙarancin albashi a Nijeriya naira 30,000. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka ba da sanarwar janye tallafin mai, litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. A Yulin 2024 aka sa hannu a kan sabon mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, kuɗin da a ƙarshen wannan shekarar ba su isa su sayi buhun shinkafa guda ba a kasuwanni da yawa. Kuma ko wannan ɗin ma dokar ta ware duk ma'aikatar da ba ta kai mutum 25 ba, ta ware masu aikin jinga da masu aikin rabin yini. Ka lissafa shaguna da gidajen burodi da gidajen ruwan leda da ƙananan makarantun kuɗi da ke unguwarku, za ka ga akasarin masu cin gumi a ƙasar nan ba su ma shiga inuwar dokar ba. Su abin da maigida ya ga dama shi ne dokarsu.

Waɗanda dokar ta shafa fa? Dokar ƙwadago ta ƙasa, wadda aka kafa tun 1974, ta ce kafin ma'aikaci ya cika wata uku a ba shi rubutacciyar takarda mai bayyana irin aikinsa da ladansa da sharuɗɗan sallama. Ta ce kada tsakanin biya da biya ya wuce wata guda. Sai masu wayon zalunci suka gano hanya: a ɗauki mutum a matsayin ɗan wucin gadi, in wata ukun ya matso a sallame shi, bayan kwana biyu a sake ɗaukarsa sabo fil. Ko kuma a ɗauko shi ta hannun ɗan kwangila, yadda in inji ya datse masa yatsu kamfani zai ce bai san shi ba. Mutum ya shekara bakwai yana shiga ƙofa ɗaya kullum, amma a takarda baƙo ne. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, maigida ya ɗora kashi 10, a zuba a asusunsa cikin kwanakin aiki 7 da biyan albashi. Nawa ne aka cire musu nasu kason, suka je dubawa suka tarar asusu wayam? Wannan sunansa sata, ko da an yi ta da biro a cikin ofis mai na'urar sanyi.

In mai karatu yana ganin mun zafafa, ya tuna abin da ya faru a unguwar masana'antu ta Challawa a Kano a watan Yunin 2020. 'Yan sanda suka shiga wata masana'antar shinkafa suka fito da leburori 126 waɗanda aka tsare a ciki kusan wata uku, tun lokacin da aka rufe gari saboda cutar korona, su kuwa leburorin suka ce yawansu ya fi haka. An yi musu alkawarin ɗan ƙari a kan albashi, wanda ya ƙi zama kuma a kore shi. Ba zuwa gida, ba ganin iyali. Sai da ɗaya daga cikinsu ya samu ya kai kuka ga wata ƙungiyar kare hakkin ɗan Adam sannan asiri ya tonu, aka kama wasu manajoji. Lura da kyau, su a nasu ganin wannan ɗan ƙarin kuɗin shi ne ƙarfafa gwiwa! A Satumban 2002 ma gobara ta tashi da dare a wata masana'antar roba a Ikorodu ta jihar Legas, ma'aikata da dama suka ƙone ƙurmus, waɗanda suka tsira suka ce a kulle ƙofa take. Me ya sa ake kulle ƙofa? Don kada lebura ya saci kaya. Kayan sun fi ransa daraja.

Abin haushi shi ne su Turawan da ake ta ambaton sunayensu a waɗannan tarurruka ba haka suka faɗa ba. An kwaso ɓawon ne an bar ƙwayar. Frederick Herzberg, wani masani a Amurka, ya bi injiniyoyi da akantoci kusan 200 yana tambayarsu yaushe suka ji daɗin aiki, yaushe kuma ransu ya ɓaci, ya fitar da sakamakon a 1959. Abin da ya gano shi ne abubuwan da ke ɓata ran ma'aikaci daban suke da waɗanda ke sa shi himma. Albashi da yanayin wurin aiki da halin shugaba da tabbacin cewa ba za a kore ka gobe ba, in suka lalace, rai ya ɓaci. Himma kuwa tana zuwa ne daga a ba mutum amanar aiki, a yaba masa in ya yi daidai, ya ga yana ci gaba. Manajojinmu sai suka riƙe rabin maganar suna murna, wai ai Bature ya ce kuɗi ba sa ƙarfafa gwiwa. Ranka ya daɗe, injiniyoyin da Baturen ya yi hira da su ba bin bashin albashi suke ba.

Ko Henry Ford, wanda ba wanda ya taɓa zarginsa da tausayin talaka, ya gane wannan. A 1913 ma'aikata suna gudu daga masana'antar motocinsa har sai da ya ɗauki mutum fiye da 50,000 a shekara guda don ya riƙe guraben da ba su wuce 14,000 ba. A Janairun 1914 ya ninka ladan yini zuwa dala 5, ya rage awoyin aiki daga 9 zuwa 8, gudun ya tsaya. Ya haɗa da sharuɗɗa na shiga-sharo-ba-shanu, har da aika mutane su leƙa gidajen ma'aikata, wannan ba abin koyi ba ne. Amma dai ɗan jari-hujja ya fahimci cewa yunwar lebura asara ce ga aljihunsa. Mu nan ko wannan fahimtar ta son kai ba a kai gare ta ba.

Alhali mu ba mu da uzurin jiran Ford. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Muwaɗɗa ta Imamu Malik ya san ƙissar bayin Haɗib, waɗanda suka saci taguwar wani mutum Bamuzaine suka yanka suka ci. Da aka kai ƙara gaban Sayyadina Umar, har ya ba da umarnin hukunci, sai ya lura cewa maigidansu yana barinsu da yunwa. Nan take shari'a ta juya kan maigidan: mai taguwa ya ce kuɗinta dirhami 400, Umar ya sa aka biya shi 800. Malamai sun tattauna a kan ninka tarar, amma ba wanda ya yi musun inda Halifa ya ɗora laifin. Sai manajan da kullum kukansa shi ne ma'aikata ɓarayi ne ya zauna ya yi nazari. Ba muna halatta sata ba ne, ma'aikacin da ya ci amana ko ya kwana a bakin aiki ya karɓi albashi cikakke shi ma mai tauye mudu ne. Amma wanda ya damƙa wa mai gadi tsaron kayan miliyoyi, yana biyansa abin da bai kai kuɗin motarsa na wata ba, shi ya fara haƙa ramin. A cikin Sahihul Buhari an kawo mutum uku da Allah da kansa zai zama abokin husumarsu ranar alƙiyama, ɗaya daga ciki shi ne wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago ya ƙwaƙule aikinsa bai ba shi ladansa ba. Kuma ko Annabi Musa (AS) da zai yi kiwo a Madyana sai da aka yanke wa'adi tun farko, shekara takwas ko goma, kowa ya san matsayinsa.

Nan ne kuma dole mu juyo cikin gida, don ba Indiyawa da 'yan Sin da Kwarori ne kaɗai ke da ma'aikata a ƙasar nan ba. Alhajin da yake sahun farko yau a masallaci, wanda ba ya fashin Umara, nawa yake biyan direbansa? Yaushe rabon da yaron shagonsa ya huta? A da, a Kasuwar Kurmi da Kantin Kwari, ubangida yakan riƙe yaro ya ci da shi, ya yi masa aure, in ya daɗe ya ba shi jari ya yaye shi ya zama maigidan kansa. Hatta a gandu ana ba mutum gayaunarsa da lokacin da zai nome ta. Yanzu an riƙe biyayyar da ake bin yaro, an yar da abin da yaron ke bin ubangida. Mafi ciwo kuma shi ne makarantunmu na Islamiyya da na kuɗi, inda ake karɓar kuɗin zango a hannun iyaye ba ragi, amma in malami ya tambayi albashinsa sai a karanto masa falalar aiki fi sabilillahi. Fi sabilillahin malami ne kawai? Mai makaranta ya sake mota, malamar da ke koyar da Ƙur'ani aji uku tana tafiya gida a ƙasa. Wanda ya sa rigar addini ya danne hakki ya yi laifi biyu, ya cuci mutum, ya kuma sa shi jin kunyar yin kuka.

Sai dai kada a ɗauka in an biya kuɗi an gama. Akwai ma'aikatun da albashi ke fita a kan kari amma kowa yana shiga kamar mai shiga kurkuku. Manaja ya tsaya gaban jama'a ya zagi magidanci sa'an ubansa saboda ya makara minti goma, bai tambaye shi ko lafiya ba. Ya ajiye 'yan kai gulma a kowane sashe, har ma'aikata su riƙa tsoron juna. Ƙarin girma kuwa sai ɗan garinsu, ko ƙanin matarsa, ko wanda ya fi iya durƙuso, wanda ya san aikin yana nan a kujera ɗaya shekara goma yana koya wa masu zuwa su hau kansa. In aiki ya yi kyau manaja ne, in ya ɓaci a nemo masinja a ba shi takardar tuhuma. Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah (SAW) hidima shekara goma, ya ba da shaida cewa ko sau ɗaya bai taɓa yi masa tsawa a kan abin da ya yi ko ya bari ba. Mu kuwa shugaban sashe mai mutum biyar a ƙarƙashinsa ya zama Fir'aunan ofis.

Za a ce ai manaja shi ma ɗan aiki ne, ba shi ke da kamfani ba, ba shi ke yanka albashi ba. Mun ji. Amma shi ke rubuta jadawalin aiki, yana iya tsara shi yadda kowa zai samu sallah a kan lokaci, ya samu Juma'a, ya samu ranar hutu. Shi ke sa hannu a takardar sayen safar hannu da takalmin aiki, ko ya karkatar da kuɗin. Shi ke iya kiran wanda ya yi kuskure gefe ya yi masa magana a asirce. Shi ke iya tambayar mai juya inji shekara goma sha biyar yadda za a gyara aiki, maimakon ya biya baƙo daga Legas ya zo ya faɗi abin da leburan ya daɗe da sani. In kasuwa ta yi tsami har biya zai makara, shi ke iya tara mutane tun kafin ƙarshen wata ya gaya musu gaskiya da ranar da za a biya, kuma ya fara jinkirta nasa alawus kafin na mai shara. Duk waɗannan ba sa bukatar izinin mai kamfani, kuma akasarinsu ko kwabo ba sa ci. Wanda yake bukatar izinin kuwa, wato ya shiga ofishin maigida ya ce masa hakkin mutane na kanmu, shi ne wanda manajoji suka fi gudu, don kowa yana tsoron kujerarsa. Kuɗin kama zauren otal na yini guda da kajin da aka ci, in aka haɗa, sun isa su biya bashin masu gadi da masu shara na wata biyu a ma'aikatu da yawa, kuma a ofishin manajan ake sa hannu a takardun biyu.